Bugu Goma Sha Shida Babu Murya

Mu huɗu ne a gidanmu, masu karatu, bari in jera muku mu yadda nake jera ɗalibaina a rajista. Akwai Baba, tela ne, shagonsa na jikin gidan, ƙofa ɗaya ce tsakaninsa da falo. Akwai Mama, wadda in kuka ga ta yi shiru to magana take haɗawa. Akwai Yaya, direban motar wani kamfanin ruwa, mai saurin hawa da saurin sauka. Sai ni, malamar adabi a makarantar 'yan mata. Tun ina 'yar shekara tara ake ce min Malama, saboda nakan jera takalman gidan a tsakar gida in koya musu karatu, in zane wanda bai amsa ba.

Ba mu rasa ci ba, ba mu rasa sutura ba, gidan tela ne. Abin da muka rasa shi ne magana a kan abin da ya yi mana ciwo. A shagon Baba keken ɗinki biyu ne. Ɗaya nasa, ɗaya na ƙanensa, Baba Ƙarami, wanda ya rasu a hatsarin babur shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Kowace safiya Baba zai yaye shuɗin ƙyallen da ya rufe keken, ya ɗiga masa mai, ya juya shi sau uku, ya mayar ya rufe. Ba mai zama a kujerar. Mama ta sha cewa shagon ya matse, a ba wani ya mora. Baba sai ya ce, “To.” Wannan “to” ɗin ne ya shekara goma sha ɗaya. Ni na ɗauka riƙon tsohon kaya ne irin na dattawa.

Sai wanda ya jawo wannan rubutun. Mai gyaran waya ne, ƙaramin shagonsa na bakin titin makarantarmu. A gida Mai Waya suke ce masa, ni kuwa Ɗalibi na rubuta a wayata, don ranar da ya fara turo min saƙo sai da na ce ya sake rubutowa da sallama kafin na amsa. Wata takwas muna tare. Ya nemi izinin turo manyansa, Baba ya ce zai bincika, ya ɗora wa Yaya aikin.

Zan faɗa muku laifina tun yanzu. Na san yana gambarar zamani, wadda yara ke kira rap. Amma ban taɓa zama na saurara ba. Kiɗan na sa min ciwon kai. In ya turo waƙa sai in bar ta tana yi ina wanke-wanke, in rubuta masa, “Ta yi daɗi.” Ni da ke hana ɗalibaina yaba abin da ba su karanta ba.

Ranar Lahadi da rana muna falo, Mama na ninke wanki, ni ina duba jarabawa da jan birona, Baba ya shigo shan ruwa da tef ɗin awo a wuyansa. Yaya ya faɗo ko takalmi bai gama cirewa ba.

“Baba, binciken ya ƙare. Ga surukinku da bakinsa.”

Ya ajiye waya a kan tebur, ya ƙure ƙara. Kiɗa ya daki kofunan da ke kan tiren Mama, sai murya ta shigo, muryar da ke ce min “Malama, an tashi lafiya?” kowace safiya:

“Mu shida ne a benci, gefen shagon mai faci,
Ba aiki, ba boko, sai hira mai ɗaci.
Wuƙa a ƙuguna, na ɗauka ita ce gata,
Ina fita da ita kullum kamar 'yar'uwata.”

Mama ta saki zanin da ke hannunta. “Wuƙa? Malama, wuƙa ya ce?”

“Tsaya, Mama, ba a zo wurin ba,” in ji Yaya.

“Na san tsawon ramina, na auna shi da idona,
Ranar da muka sauke shi na ga wurin kwanana.”

Daga nan sai muryar ta ɗauke. Kiɗa na tafiya, babu mai magana. Har Baba ya leƙa wayar ya ga ko ta mutu. Can sai muryar ta dawo.

“Kun ji wurin nan?” Yaya ya nuna da yatsa. “Nan ne aka goge. Ashar ne da barazana, abin da ko su kansu sun ji kunyar saki. Wanda aka bari ma kun ji, ina ga wanda aka cire? Mutum yana faɗa da bakinsa ya auna kabarinsa. Ke so kike ki yi zawarci kafin lallen hannunki ya goge?”

“Yaya, waƙa ce fa.”

“Waƙa ce? To ni ma in na take mutum sai in ce tuƙi ne.”

Baba bai ɗaga murya ba, bai taɓa yi ba. Ya ajiye kofi, ya dube ni ta saman tabarau.

“Ke kin san wannan waƙar?”

Ƙarya ta zo har bakina, na haɗiye ta. “Ya turo min, Baba. Ban saurara ba.”

“Ashe. To ke malama ce, kullum kina fassara wa 'ya'yan mutane waƙoƙin waɗanda suka daɗe da mutuwa. Wannan mai ita na raye. Na ba ki kwana uku. Ranar Laraba in kin taso aiki ki same ni a shago, ki karanta min ita layi-layi. In na gamsu, ya turo. In ban gamsu ba, kar in ƙara jin zancensa a gidan nan.”

Ina shiga ɗaki saƙonsa ya shigo: “Malama, shiru yau. Ko na faɗi jarabawa ne?”

Na rubuta, na goge, na rubuta. Ƙarshe na ce: “Turo min duk waƙoƙinka. Har tsofaffin. Kar ka tambaye ni.”

“Duk? Har na lokacin da muryata ke kamar ta zakara?”

“Duk.”

Ya turo guda tara.

A ajina ina da doka ɗaya, kowace yarinya ta haddace ta: kar ki ce min “ina ganin”, nuna min a layi. Na ce yau dokar ta hau kaina. Na ɗauko sabon littafi, na ja layi a tsakiyar shafi, hagu kalmominsa, dama bayanina. Na sa iyafis a kunne. Ranar Litinin duk hutun rabin rana ina ofishin malamai ina tsayarwa, ina mayarwa, ina rubutawa, har malamar lissafi ta ce, “Yau kuma wa'azi ake ji haka da ɗaure fuska?” Na ce mata, “Kusan haka.”

Da na zo wurin da murya ta ɗauke sai na yi abin da nake sa ɗalibaina yi in muna auna baiti: na riƙa buga biro a kan tebur tare da kiɗan. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Bugu goma sha shida cif, wato wurin layi huɗu. Na rubuta a gefe. Na buɗe waƙa ta gaba. Bayan baiti na biyu, murya ta ɗauke. Na ƙirga: goma sha shida. Ta gaba ma haka. Waƙoƙi biyar, duk wuri ɗaya, duk tsawo ɗaya. Na ce a raina, wane irin mai zagi ne wannan da ba ya zagi sai bayan baiti na biyu, kuma ba ya ƙara ko bugu ɗaya?

Sai na koma tsofaffin huɗun, masu ƙarar fanka da hayaniyar titi a ciki. Bayan baiti na biyu na shirya birona zan ƙirga shiru. Babu shiru. Wata murya ce ta shigo, siririya, mai sauri, tana dariya a tsakiyar kalma. Layi huɗu ta yi, ta miƙa masa. A duka huɗun.

Na ajiye biro. Aka buga ƙararrawa ban ji ba, sai da shugabar aji ta zo kirana.

Ranar Talata da na taso na tsaya a shagonsa. Na sa doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, kayan da nake sawa in iyaye za su zo makaranta, don ba hira ta kawo ni ba. Yana sunkuye a kan wata waya da ya buɗe cikinta, ƙananan kusoshi jere a murfin kwalba.

“A'a, Malama da kanta! Bari in share kujera. Yau duba-gari ne?”

Ban zauna ba. Na buɗe littafin a kan gilashin teburinsa. “Waye mai layi huɗun?”

Murmushin ya tsaya a fuskarsa, sannan ya sauka a hankali. Ya ajiye sukuddireba.

“Wa ya gaya miki?”

“Biro.”

Ya daɗe yana kallon inda na rubuta 16 na zagaye da ja.

“Tsinke muke ce masa. Tare muka fara, a bencin nan. Ni nake ɗaukar baiti biyu, in numfashina ya ƙare shi ya karɓa. Tun da ya tafi ban iya sa komai a wurin ba. Mai studiyo kullum faɗa yake, wai mutane na ɗauka wayarsu ce ta tsaya. Na ce ya bar shi. Wurinsa ne.”

“Ramin fa?”

“Tsawonmu ɗaya da shi, rigar juna muke sawa. Da aka sa shi na leƙa, na ga ko ni aka kawo ba sai an ƙara taƙi ɗaya ba.”

Na rubuta, don in hannuna na aiki idona ba ya zuba. “Wuƙar gaskiya ce?”

“Gaskiya ce. Ban taɓa sukar kowa ba, Allah shaida. Amma na zare ta sau biyu. Na biyun shi ne ranar da aka kashe shi a faɗa.” Ya rage murya. “Malama, akwai abin da ba ya cikin waƙar. Faɗan ba nasa ba ne. Nawa ne. Ni na tsokano 'yan wancan layin, ni suka zo nema. Shi rabo ya shiga. Hannunsa ko tsinke babu.”

Wata mata ta leƙo tana tambayar caja, ya ce ta dawo anjima. Na gaya masa abin da Baba ya ce, da Larabar da ke jirana.

“Wannan na ƙarshen ba kowa ya sani ba,” ya ce. “Yayanki ba zai samo shi ba. In kin ga zai ɓata, ki tsaya a abin da ke cikin waƙar. Ba zan ce kin yi ƙarya ba.”

Na rufe littafi. Masu karatu, ba zan ɓoye muku ba, har na isa gida ina gaya wa kaina cewa ai waƙa aka ce in fassara, ba rayuwa ba. Dokata ma ta goyi bayana: abin da ba ya layi, ba ya cikin darasi.

Laraba, ƙarfe huɗu. Baba na kan kekensa yana haɗa hannun wata riga ruwan ƙasa. Yaya ya jingina da ƙofar titi, makullin mota na yawo a yatsansa. Mama ta tsaya a ƙofar falo da tsintsiya a hannu, wai shara ta kawo ta. Babu wurin zama sai kujerar keken da aka rufe, don haka na tsaya, dama a tsaye na saba koyarwa.

“Bismillah, Malama,” in ji Baba. “Ɗalibai sun hallara.”

Na fara daga benci. Na ce samari shida ne da ba su da inda za su je da safe. Na nuna cewa bai ce hirar na da daɗi ba, mai ɗaci ya ce, kuma mai alfahari da zaman banza ba ya kiransa ɗaci.

“Wuƙar fa?” in ji Yaya. “Ko ita ma ta yanka albasa ce?”

“Wuƙa ce, Yaya, kuma ya riƙe ta. Amma saurari abin da ya ce: na ɗauka ita ce gata. Mutum ba ya cewa ‘na ɗauka’ sai ya riga ya gane ba haka ba ne. Wanda ya bari ne ke magana, yana ba da labarin wanda ya riƙe.”

“Kin ji iya baki. Ramin kuma gadon kwana ne ko?”

Na gaya musu ramin na abokinsa ne da aka kashe a faɗa, tsawonsu ɗaya, har riga suke musanya. Na ce ba neman mutuwa yake ba, ganinta ya yi da idonsa, ya tsorata, ya juyo. Mama ta ce, “Allah sarki, ɗan mutane,” sannan ta tuna ɓangaren da take, ta gyara riƙon tsintsiya.

Sai na kunna tsohuwar waƙa. Siririyar muryar nan ta cika shagon, tana sauri, tana dariya. Na tsayar. Na kunna sabuwa, na kai daidai wurin, na riƙa buga biro a kan teburin yanka. Goma sha shida. Na nuna musu shafin: waƙa huɗu da murya, biyar babu.

“Ba gogewa aka yi ba, Yaya. Ba a taɓa sa komai ba. Wurin abokin ne. Shekara huɗu ke nan, duk waƙar da zai yi sai ya bar masa layinsa.”

Ƙafar Baba ta tsaya a kan keke. Allura ta tsaya a cikin yadi.

“Maimaita wurin,” ya ce.

Na mayar. Wannan karon ban buga biro ba. Mu huɗu muka tsaya muna sauraron kiɗa babu murya, makullin Yaya ma ya daina yawo. Baba ba wayar yake kallo ba. Shuɗin ƙyallen yake kallo.

Da muryar ta dawo ya ce in kashe. Ya cire tabarau ya goge da bakin rigarsa.

“Yaron nan da ya rasu. Faɗan na waye?”

Ga ƙofa a buɗe, masu karatu. In ce ba ya cikin waƙar, kuma ban yi ƙarya ba. Na dubi littafin, na dubi Baba. Na ga in na shiga gidan aure ta wannan ƙofar, kullum sai na riƙa waiwaye.

“Nasa ne, Baba. Shi ya tsokano, shi aka zo nema. Abokin rabo ya shiga. Ba ya cikin waƙar. Shi ya gaya min da bakinsa jiya, ya kuma ce in na so in ɓoye.”

“Shi ke nan!” Yaya ya tafa hannu. “Baba, ka ji dai. Ni na gama nawa.”

Mama ta rufe baki da gefen mayafi. Ni kuwa na ce a raina na kashe kaina, ga dokar da za ta cece ni ban bi ba.

Baba ya sunkuya kan rigar. Ya ɗauki ƙaramin almakashi ya yanke zaren da bai kai yankewa ba.

“Ranar da ƙanena ya fita,” ya ce, “ni ya kamata in je karɓo yadin. Kaina ke ɗan ciwo, ciwon da bai kai ya hana ni ba. Na ce, kai je ka.”

Shekara goma sha ɗaya, yau ne na fara jin wannan. Na dubi Mama, na ga ita ma yau ta fara ji.

“Uwar yaron na raye?”

“Ban sani ba, Baba.”

“Tambaye shi. Yanzu.”

Na rubuta masa. Amsar ba ta daɗe ba, na karanta a fili: “Tana nan. Shekara huɗu ban iya bin layinsu ba. In aiki ya kai ni can zagayawa nake.”

Baba ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa abin da ya riga ya sani.

“To ba wurina zai fara zuwa ba. Barin wuri a waƙa abu ne mai kyau, amma waƙa ba ta da ido, ba za ta kalle shi ba. Ya je ya tsaya gaban matar nan, ya gaya mata abin da ya gaya miki. In ya iya wannan, ya turo manyansa.”

“Baba, in ta kore shi fa?” na ce.

“Haƙƙinta ne. Ni zuwan nake so.”

“In kuma bai je ba?” in ji Yaya.

“In bai je ba ka yi gaskiya, sai mu ba ka kujerar Malama.” Baba ya mayar da tabarau. “Ki ƙara masa da cewa in ƙafarsa ta ƙi, ya biyo ta nan. Ni zan raka shi.”

Yaya ya buɗe baki, Mama ta miƙa masa tsintsiya. “Tun da ka gama naka, ga wannan.”

Na tura saƙon yadda Baba ya faɗa, ban ƙara ban rage ba. Alama ta nuna ya karanta. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya fara, ya tsaya. Na ƙirga a raina, na wuce goma sha shida, na wuce talatin. Sannan ya shigo:

“Asabar, ƙarfe goma na safe. Ki ce wa Baba zan biyo ta shago. Ƙafata za ta ƙi, na sani.”

Na karanta wa Baba. Ya ɗora ƙafa ya ci gaba da ɗinki. Amma da zan wuce falo ya ce, “Malama, kin daɗe a tsaye,” ya miƙa hannu ya jawo kujerar Baba Ƙarami daga ƙarƙashin keken, ya kaɗe ta da tafinsa.

Ban san abin da matar nan za ta ce ranar Asabar ba, kuma aurena na rataye a ƙofar gidan da ban taɓa gani ba. Amma da na zauna a kujerar, ga shuɗin ƙyalle a gabana yana ƙanshin mai, na gane abu ɗaya. Kwana uku na yi da biro da littafi kafin na fahimci shirun nan. Baba kuwa ji uku ya yi masa, don shekara goma sha ɗaya ke nan kowace safiya yana barin wa ƙanensa wurinsa.